Daga Adudu Zuwa Sif: Tarihin Ma'ajiyar Tufafi a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, lokacin da hunturu ya kankama, na sauka wurin kawuna a Mahuta, wata unguwa da ke kudu da Kogin Kaduna, daura da matatar mai. Na tarar ya share tsakar gida ya jera katakai a inuwa, ga zarto da guduma a kan benci. Ya ce mini sif zai haɗa wa 'yarsa da za a aurar kafin faɗuwar damina, domin kuɗin da ake nema a shagunan kayan ɗaki sun fi ƙarfinsa, kuma abin da ake sayarwa ɗin bai kwanta masa a rai ba. A gefe guda kuwa ga wata tsohuwar adaka ta kakarmu, gara ta cinye gindinta, amma ƙarafunanta na nan garau. Niyyarsa ita ce ya ciro waɗannan ƙarafa ya sa wa sabuwar sif ɗin, watau abin da ake kira wadirob a wasu wurare.

Mako uku na yi ina riƙe masa katako, ina miƙa ƙusa. A cikin wannan aiki ne wata tambaya ta taso mini, wadda ita ce dalilin wannan rubutu: shin yaushe Bahaushe ya fara ajiye tufafinsa a cikin katako, kuma waɗannan ƙarafa da ake kira "na da", na dan wa ne? Zan bi amsar ta hanyar da aka koya mana a aji, watau ta bin sawun kalmomi, sannan in haɗa da abin da tarihi ya tabbatar.

Kafin Zuwan Katako

Duk wanda ya san ɗakin Bahaushiya na da ya san babu wani dogon abu mai ƙofa a jingine da bango. Tufafin mace suna cikin adudu, wani babban kwando mai marfi da ake saƙawa da ciyawa ko kaba. Kayan aure kuwa a cikin lefe ake kai su, shi ma saƙar kaba ne. Ga shi yau akwatuna ake jerawa shida ko goma sha biyu, amma sunan lefe ya ƙi barin bakinmu. Matafiyi yana da burgami da taiki na fata. Malami yana sa littafinsa a gafaka ya rataye. Ƙore da kwanuka kuma suna kan ragaya. To, ka ga duk waɗannan aikin masaƙan kaba ne da dukawa, babu hannun mai aikin itace a ciki.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san aikin itace ba. Sassaƙa tsohuwar sana'a ce mai sarautarta. Masassaƙi shi ke yin turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar zaman mata, da allon karatu, da ƙotar fartanya, da ƙwarangwal ɗin sirdi, har da jirgin ruwa a garuruwan bakin kogi. Amma mai karatu ya lura da abu guda: kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan daga gungume ɗaya ake fafe shi. Masassaƙi ragewa yake yi da gatari da gizago har siffar da yake so ta fito. Kafinta kuwa haɗawa yake yi, ya yanka falle-falle ya harhaɗa su su zama abu ɗaya. Sana'o'i biyu ne dabam, ko da yake duk itace suke taɓawa.

Dalilin wannan bambanci shi ne rashin babban zarton tsaga gungume. Da gizago, in ka sare itace guda, da ƙyar ka sami falle biyu masu kauri, sauran duk ya tafi a ɓarɓashi. Saboda haka falle ya zama abu mai tsada, sai a ƙyauren gidan sarki ko na attajiri. Talaka kuwa tufaniya ko asabari ke rufe masa ƙofa, gadonsa na kara ne ko na ƙasa.

A kan waɗannan ƙyamare ne za mu ga asalin ƙarafunan ado na ƙasarmu. Baturen nan Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ƙyamaren ƙofofin birni na itace ne da aka lulluɓe da fallayen ƙarfe. Wanda ya ziyarci Gidan Makama a Kano zai ga irin waɗannan tsofaffin ƙyamare da idonsa, da ɗaurin ƙarfe da manyan ƙusoshi masu faɗin kai. Maƙeran baƙi su ke wannan aiki, da tamar da aka narkar a ƙasar nan. Maƙeran fari kuma su ke aikin tagulla da azurfa, irin su mundaye da kayan doki. Ashe ke nan muna da gwanayen ƙarfe tun kafin mu sami akwatin da za a sa wa ƙarfen.

Abin da Kalmomi Suka Faɗa

Idan muka jera sunayen ma'ajiyar katako a Hausa, za mu ga kowane yana nuna hanyar da ya biyo ya shigo. Sanduƙi daga Larabci yake, ya biyo malamai da fataken hamada. Adaka kuwa kalma ce da ke cikin harshen Asante, kuma masana harshe suna danganta ta da sunan akwati a harshen mutanen Fotugal, waɗanda suka gina ganuwarsu a Elmina, bakin tekun Ghana ta yau, a 1482. Hanyar da ta kawo mana ita a fili take, wato hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Akwati daga Yarbanci ne, inda suke cewa apoti. Haka ma katako kansa, asalinsa patako ne. Da yake harshen Bahaushe ba ya son wannan harafi na leɓe, sai ya musanya shi da wanda ya fi masa sauƙi.

Bayan waɗannan sai ayarin Ingilishi ya biyo: tebur, benci, kabad, durowa, fantimoti, hinji, banish, har da sunan mai sana'ar, kafinta. Sai ka auna da turmi, akushi, gizago, adudu, waɗanda ba ka jin ƙanshin baƙunci a jikinsu. Harshe dai ya riƙe tarihin da ba a rubuta ba: abin da aka fafe namu ne na gado, abin da aka haɗa da falle baƙo ne, ya zo daga arewa kaɗan, daga kudu da yawa.

Jirgin Ƙasa da Kafinta

A bakin teku aikin kafinta ya riga ya kafu tun ƙarni na 19. 'Yantattun bayi da suka komo Ikko daga Saliyo da Barazil sun zo da sana'ar gini da ta katako, makarantun mishan kuma suka ɗora, kamar makarantar Hope Waddell da aka buɗe a Kalaba a 1895, inda ake koyar da kafinta. A Arewa kuwa, makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, kuma aikin katako na cikin abin da ake koyarwa.

Amma abin da ya kawo canji na sosai shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911. Daga nan katakon kurmi, wanda aka tsaga da zarto, ya sami hanyar zuwa ƙasar da ba ta da manyan dazuzzuka, tare da ƙusa da kwado da hinji na kantunan Turawa. Kaduna kuwa 'yar jirgi ce tun haihuwarta. A ƙasar Gbagyi aka kafa ta, inda dogo ya ƙetare kogi, aka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na Ikko a tashar da ke kudancin kogin. Sabon gari yana bukatar ofisoshi da barikoki da gidajen ma'aikata, kowanne kuma yana bukatar ƙofa da taga da tebur. Sai kafintoci suka yi ta zuwa daga kudu da Gwalkwas da Saliyo, suna aiki a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta jirgin ƙasa, 'ya'yan Arewa suna yi musu yaran aiki har suka koya.

A nan ne ya kamata mu duba ƙarafunan da ake kira na da. Hafsoshin Ingila masu yawon mulkin mallaka suna tafiya da wani irin akwati da aka yi domin hanya, wanda aka ɗaure kusurwoyinsa da tagulla don kada ya fashe a kan ɗan dako, aka kuma binne mariƙinsa a cikin katako don kada ya sarƙe. Birnin Birmingham shi ne cibiyar aikin tagulla a Ingila, garuruwan Willenhall da Wolverhampton na kusa da shi kuma suka shahara da ƙera makullai. Irin waɗannan kaya ne suka cika kantuna, kafintocinmu suka kwaikwayi fasalin akwatin, maƙeranmu kuma suka kwaikwayi ƙarafunan da guntayen ƙarfen da suka samu. Adakar kakarmu irin wannan haɗin gambiza ce. Kakanmu, wanda leburan jirgi ne, ya sa aka yi mata ita a shekarun 1950. Kwadonta da kusurwoyinta na tagulla na kanti ne, amma dogayen hinjinta da sakatarta bugun maƙera ne, har yau ana ganin sawun guduma a jikinsu.

Yadda Akwati Ya Miƙe Tsaye

A Turai ma akwati ya girmi sif. Sun daɗe suna ninke tufafi a akwati kafin su tayar da shi tsaye su sa masa ƙofa, ratayen waya kuwa sai daga baya ya bayyana. Sif ta dace da kwat da wando, waɗanda ninki ke ɓata su. Tufafin Bahaushe kuwa ba haka suke ba. Babbar riga, in ta fito daga mabuga, ninke ta ake yi, kuma wannan karin ninkin ado ne a jikin mai ita. Zane da kallabi su ma ninki suke so. Don haka Bahaushe bai yi gaggawar neman sif ba, adaka da kwalla da fantimoti sun ishe shi.

Abubuwa uku suka shigar da ita ɗakunanmu. Na farko, katakon falawud, wanda aka fara yi da yawa a Sapele bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa babban abu ya yi sauƙin haɗawa da sauƙin kuɗi. Na biyu, albashi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Kudancin kogi ya cika da ma'aikata masu karɓar kuɗi a ƙarshen wata, suna zaune a ɗakunan siminti masu kusurwa huɗu, inda dogon kabad zai jingina da bango ya zauna daidai, abin da ba zai yiwu ba a zagayayyen ɗaki. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya ƙara wa abin wuta. Na uku, gasar kayan ɗaki. Al'adarmu ce iyayen amarya su yi mata jere. Da ƙore ne da tasoshi, sai aka koma kwanukan sanholo da gadon ƙarfe mai rumfa, sai kabad mai gilashi na nuna kwanuka, daga ƙarshe gado da sif da madubi suka zama saiti guda wanda ba a kai amarya sai da shi.

Amma ko da sif ta shigo, sai da ta koyi Hausa. Duba cikin kowace sif da kafintan gida ya yi, za ka ga wurin rataya ɗan kaɗan ne, sauran duk hawa-hawa ne na ajiye ninkakkun kaya, a sama kuma an bar fili don ɗora akwatunan lefe. Watau adudu ne aka jera a tsaye aka sa musu ƙofa.

Aikin Mahuta

Kawu ya koyi kafinta ne a sashen gyare-gyare na wata masaƙa a Kakuri, ya yi shekaru a can har masaƙu suka durƙushe. Sif ɗin da ya zana tsawonta ƙafa shida da rabi, faɗinta ƙafa huɗu, zurfinta ƙafa biyu. Ya ce in zurfi ya gaza haka, kafaɗar riga za ta riƙa tokarar ƙofa. Ginshiƙai da ƙofofi na maɗaci ne, hawa-hawan ciki kuma na malaina, don ta fi araha da sauƙin aiki. Tun watanni huɗu kafin zuwana ya sayi katakon ya jera a inuwa, da 'yan sanduna a tsakanin kowane falle don iska ta ratsa.

Na tambaye shi dalilin wannan jira. Ya ce, "Ɗan nan, katako yana numfashi ko bayan an sare shi. Da damina ya sha iska ya kumbura, da hunturu ya tsuke. In ka haɗa shi ɗanye, kafin shekara ƙofa ta ƙi rufuwa." Saboda haka ma bai manne allon tsakiyar ƙofa da gam ba. Ya fafe masa kwari a jikin firam ya zura shi, ya bar masa ɗan sarari ya motsa. Mahaɗan ginshiƙai kuwa bai yarda da ƙusa ba. Sai ya huda rami a wannan, ya fiƙe harshe a bakin wancan, ya shafa gam ya cusa, ya soke su da turun katako. Ya kuma yi mata ƙafafu masu tsawon inci huɗu saboda gara da ruwan shara, domin abin da ya kashe adakar kakarmu ke nan, zama a ƙasa.

Da aka zo kan ƙarafa sai aka ga na adakar ba za su isa ba. Hinji biyu ne, ƙofa biyu kuwa na bukatar shida. Ya aike ni kasuwa, ni kuma na ga wasu masu launin tsohuwar tagulla, da zanen ganye, a cikin leda mai rubutun waje. Mai shagon ya rantse mini irin na da ne. Na saya ina murna. Da na kawo, Kawu bai ce komai ba, ya ɗauko mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo ya kara, sai hinjin ya manne caf. Ya sa wuƙa ya kankare baya, sai ga farin gwangwani. Ya ce, "Tagulla ba ta bin maye. Wannan tsufan fenti ne, Malam ɗan jami'a." Na ce, "Kawu, ai sun yi kyau a ido." Ya ce araha ba ta ado, in ɗauka in mayar.

Washegari muka ƙetare kogi muka tafi Panteka, kasuwar nan da ta shahara da maƙera da masu narkar da ƙarfe. Muka nuna wa wani dattijon maƙeri hinjin kakarmu. Ya juya shi a hannu, ya ce rabonsa da a kawo masa irin wannan aiki an daɗe. Cikin kwana uku ya buga mana huɗu daga guntun ƙarfen mota, ya nannaɗe bakinsu a kan sanda don wurin juyawa, ya gasa su ya shafe da mai har suka yi baƙi. Na tagullar kuma ƙanwata amarya ta goge su da tsamiya da toka, suka fito kamar jiya aka saye su. Da aka ɗaura ƙofofin, sai mai ido sosai zai raba tsohon hinji da sabo.

Abin da Ke Neman Kuɓuce Mana

Yawancin saitin da ake kai wa amare yanzu ba katako ba ne, garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Yana da kyan gani ranar jere. Amma in ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya ruguje, in an kwance shi don tashi daga gidan haya sau biyu, sukurori ba su ƙara kamawa. Uba ya ci bashi ya saya, kafin a yaye ɗan fari an fara maganar canji.

Katakon ƙwarai kuma yana ƙara wuya. An yi wa madobiya sara na rashin tausayi ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido a 2017, maɗaci da ƙawo kuma suka bi ta a 2023. Maɗaci yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara. Wanda zai yi sif da shi, ya wajaba ya yi wadda za ta kai tsawon shekarun da itacen ya yi yana girma, in ba haka ba ya yi ɓarna.

Kammalawa

Mun ga cewa sif baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ba ta fi shekara ɗari da ɗoriya ba, a ɗakin talaka ma ba ta kai haka ba. Wannan ba abin kunya ba ne, domin zamani riga ne, kuma Bahaushe ya saba karɓar baƙon abu ya gyara shi daidai jikinsa, kamar yadda ya yi wa apoti da patako. Abin da ke da ban takaici shi ne mu riƙa sayen tsufan wasu, wanda ma na jabu ne, alhali maƙeran da suka gaji masu ƙyamaren Kano suna nan da ransu, ba mai kai musu aiki.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su waiwayi wannan fage. A shiga wurin masassaƙa da maƙera da tsofaffin kafintoci a tattara sunayen kayan aikinsu da na itatuwa tun masu sani suna raye. Wanda kuma ke da tsohuwar adaka a gidansu, kada ya bari a faskara ta a hura wuta, ya tambayi tsofaffi wa ya yi ta, a wane gari, a wace shekara, ya rubuta ya ajiye. An kai sif ɗin ƙanwata ɗakinta a bayan motar akori-kura, kuma na ji Kawu yana gaya mata ta riƙa ɗiga wa hinjin man gyaɗa sau ɗaya a shekara, kamar yadda kakarta take yi.